Asiransin 'Yan Petit Marché

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko, ba, mahaifiyata tana sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché, ni kuma ina taya ta. Wata safiya ciwon ciki ya murɗe ta har ta kasa miƙewa. Na tare taksi muka nufi likita.

Da aka duba ta, aka ce sai an yi mata aiki a ranar, in ba haka ba abin zai fashe a ciki. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta tambaye ni, "Kuna da asiransi?"

Na ce, "Madam, ai ba mu da mota."

Wallahi iya sanina ke nan, asiransi na masu mota ne. Ta yi murmushi, ta ce na lafiya take nufi, wanda ke ɗauke wa mutum nauyin magani. Ba mu da shi, kuma duk layinmu a kasuwa ban san mai shi ba. Matar ta miƙo mini ordinansi mai tsawo, takardar magungunan da za mu saya. Mahaifiyata ta kama hannuna ta ce, "Mai da ni gida, in sha jiƙo."

Na koma kasuwa ina kuka. Ƙawarta mai tumatir, wata Bazabarma da muke kira Inna, ta ji bayani, ta ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Uwarki ba ita kaɗai ba ce a nan." Ta cire gyalenta ta bi layi da shi. Mahauta suka zuba, masu albasa suka zuba, har da matar da suka yi wata guda ba sa gaisawa da mahaifiyata saboda rigimar wurin zama. Kafin la'asar an yi aikin. Duk kwanakin jinya, matan nan ne suka riƙe mata tebur bi da bi.

Yau ina aikin ofis, ina da katin asiransi, amma bai ɗauki iyaye ba. 'Yan kasuwar kuwa har yanzu da yawansu ba su da komai sai junansu, kuma na san ba kullum gyale ke cika ba. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ina kewar muryarta.

Mahaifiyata ta tsufa, amma kowace safiya sai ta taso daga unguwar Banifandou ta tafi kasuwa. Na roƙe ta ta zauna gida ta huta. Ta ce, "Bar ni in je. In ba na zuwa, ranar da aka zagayo da gyale don wata, wa zai zuba nawa?"