Bindigar Sarkin Bakan Maiyama

Har gobe ba zan manta da ranar da Sarkin Bakan Maiyama ya shigo maƙerarmu ta Jega da bindiga a kafaɗa ba. Da kaka ne, 'yan shekaru bayan Nasara sun karɓi ƙasa. Ku da kuke koyon sana'ar nan yanzu ba ku riski tsarin lokacin ba. Kowace bindiga sai an kai ta gaban hukuma an buga mata shaida, samun sabuwa kuwa ya yi wuya ƙwarai. Wanda tasa ta lalace, ko ya gyara ko ya bar daji.

Sarkin Baka shi ne shugaban maharban gari. Wannan sunansa Nomau, dattijo ne mai furfura. Damisa ce ta addabi rugar Fulani a gefen Maiyama tana ɗauke maruƙa. Ya harbe ta ya kuskure, ya sake ya kuskure. Gari ya ɗauka cewa idon tsoho ya mutu. Hakimi ya aika masa cewa in ya kuma kuskurewa, za a naɗa wani.

Maigidana Sarkin Maƙera ya miƙo mini aikin, domin a lokacin ni ke gyaran bindigogi. Ni mutum ne mara yawan magana, da hantsi ina maƙera, da la'asar ina zauren malam da littafina. Nomau ya dube ni ya ce wa maigida, "Wanga malamin maƙera za ka ba? Tawada zai ɗura mata?" Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na karɓi bindigar.

Ban fara da guduma ba. Na roƙe shi mu fita bayan gari. Na ɗaure bindigar tam a kan wani kututture, na saita ta da sakaina a jikin suri, na ja kunamar bindigar da igiya. Harsashi ya faɗa hagu. Na sake ɗurawa, ya sake faɗawa hagu, kusan wuri ɗaya. Na gaya masa cewa yanzu babu idon kowa a ciki, babu hannun kowa, amma ga inda take kai wa. Ya daɗe yana kallon surin.

Da muka koma na kwance gindin bututun bindigar, na zura zaren masaƙa na ja shi ya miƙe, na leƙa ta cikin hasken ƙofa. In bututu a miƙe yake, zare yana kwanciya a jikinsa tun daga farko har ƙarshe. Wannan kuwa a tsakiya ya rabu da ƙarfen kamar kaurin tsinke.

Dalilin yana a fili. Mahaifin Nomau ne ya cusa wata laya mai tauri tsakanin bututu da ƙota, wato icen bindigar, ta gefe ɗaya. Shi kuma Nomau, bisa al'adar gidansu, duk babban naman da ya kashe sai ya yanki tsirin ɗanyar fatarsa ya naɗe a kan layar. Ɗanyar fata in ta bushe matsewa take yi. Shekara da shekaru fata bisa fata tana danna layar cikin ƙarfe, ƙarfen kuma na fatake ne, ba kauri, har ya karkata.

Na ce sai an cire naɗin. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ubana yab bar min wasiyya, wuƙa ba ta taɓa wagga fata. Gara a tuɓe ni."

Maigida ya yi ta lallashinsa, ya ƙi. Ya miƙa hannu zai ɗauki abinsa. Ni da ban iya haɗa ido da manya ba, sai na ji na riƙe ƙotar na ce, "Baba, wuƙa aka hana. An hana ruwa?"

Ya tsaya, ya ce ba a hana ba.

Na sa aka kawo ruwan ɗumi a kwatarniya, na jiƙa tsumma na lulluɓe naɗin. Bayan azahar fatar ta saki. Na riƙa warware tsirin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, shi kuwa yana zaune kusa yana faɗin kowanne. Wannan ɓauna ce ta fadamar Katanga. Wannan kurar da ta hana mutanen Aliero kwana a gonakin albasa. Na can ƙasa, baƙi ƙirin, zakin da mahaifinsa ya kashe tun shi yana riƙe masa gora. Masu jiran a koɗa musu lauje duk suka bar hira suka matso.

Miƙar da bututu a sanyi ake yi, ba a sa shi wuta. Na ɗora shi a kan itace biyu, ina bugu a hankali da gudumar katako, ina leƙa zare, har ya kwanta. Na rarake ƙota yadda ƙarfen zai zauna ba abin da ke tokare shi. Layar kuma na yi mata gurbi a gindin ƙota, wurin da ke taɓa kafaɗa, na mayar da fatun a kanta bisa jerin da suka fito. Na kuma zuba masa harsasan dalma daidai bakin bindigar, maimakon guntayen ƙarfen da yake cusawa, na yanke masa ɗan ƙaho na awon albarushi don ya daina awo da tafin hannu.

Muka koma wurin suri. Wannan karon ban ɗaure ta ba, shi ya riƙe. Sakaina ta tarwatse. Ya juya ya kama hanyar Maiyama ko sallamar kirki bai yi ba, na san kuwa ba raini ba ne.

Ranar wata kasuwar Jega ina aiki sai ga inuwa a ƙofa. Nomau ne da rawaninsa, Ardon rugar na biye da shi da ƙwaryar nono. Ya buɗe jaka ya fito da tsirin fatar damisa mai ɗige-ɗige, ko bushewa ba ta yi ba. Ya ajiye ta a kan uwar maƙera ya ce, "Malam, ina za a naɗa ta?"

Tsohon da ya gaji daji kaka da kakanni, ni yake tambaya. Na nuna masa gindin ƙota, ya naɗa da hannunsa.

Abin da na ɗauka ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. In an kawo muku bindiga ana cewa mai ita ya tsufa, ku ɗaure ta a kututture ta faɗi nata laifin kafin ku yarda. Kuma abin da mutum ya ce kada a yanke, ku nemi yadda za a kwance shi. Ƙarfe yana miƙewa da bugu, mai ƙarfen kuwa ba a miƙar da shi haka.