Adashin da Muka Yi wa Injin Gyaɗa

Shekarar da aka ba ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli a Gummi injin markaɗen gyaɗa, mun ɗauke shi tamkar kayan ɗakin amarya. Har zane muke lulluɓa masa. Mace ɗaya ce cikinmu aka kai gari ta koyo tayar da shi, ita kuwa ta riƙe abin kamar sirrin zuciyarta. Ka matsa kusa, ta ce za ka lalata. Mu ma, da yake tsoro ya yi mana yawa, muka sakar mata.

Ana nan sai 'yarta ta haihu a Anka, ta tafi yi mata wankan jego. Inji ya kwanta, muka koma turmi. Haushi kamar ya kashe ni, ga inji ga bororo a hannu. Sai kuma saƙo ya zo daga ofishin da ya ba mu shi: injin da ba ya aiki za a ɗauke a kai wa matan Bukkuyum.

Shugabarmu, dattijuwar da duk muke kira Inna, ta tara mu a gabansa ta yaye zanen.

"Ku da kunka iya adashi," ta ce, "kowacce ta zuba abin da tag gani. Ba dai makahi muke ba."

Ashe kowa ta saci kallo. Wata ta san inda ake zuba gas, wata ta ga yadda ake ɗaure bel. Wata da muke tsokana da jin ƙwaƙwaf ta ce ita kukan injin ta riƙe, ta san sa'ad da gyaɗa ta yi masa yawa. Ni ɗan ƙarfen da ake ɗagawa kafin a juya hannun tayar da injin na tuna. Muka yi ta fama, hannun ya kusa karya min haƙori, aka yi dariya aka sake. Da ya yi tari ya kama, wallahi sai da na yi hawaye.

Inna ta kafa doka: wadda ta gano wani abu sabo, ta faɗa kafin ta tafi gida. Mai tayar da injin ma da ta dawo daga Anka ta sha ƙamshi, daga baya ta zauna ta ƙara mana abin da ya kuɓuce mana.

Ran da ma'aikacin ofishin ya zo da motar ɗaukar inji, ƙararsa ce ta tarye shi tun daga zaure. Ya tsaya ya ce, "Inna, wa ke tayar muku da shi yanzu?"

"Ɗana," ta ce, "wadda duk taf fi kusa."