Farar Fuskar da Baffa Ya Rataya

Shekara biyu da ba mu jiha, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gusau, magana ta iso gidanmu cewa Baffa ya rataya dodo a shagonsa na Tsafe.

Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba ka ce ciki ɗaya suka fito ba. Baba ya yi aikin gwamnati har ya ajiye, mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara zaman hula. Baffa kuwa kuku ne. Ya shekara goma sha wani abu yana dafa wa wani Bature ɗan Italiya abinci a sansanin masu aikin hanya kusa da Bungudu. Da aiki ya ƙare Baturen ya koma ƙasarsu, Baffa ya buɗe shagon taliya a bakin tashar Tsafe. A gidanmu ba a faɗin sana'arsa gaban baƙi. In ya zo, a zaure ake kai masa tuwo shi kaɗai. Ban taɓa ganin hannunsa da na Baba cikin kwano ɗaya ba, kuma abin yana ƙona mini rai tun ina ƙarama.

Direbobi ne suka kawo labarin. Wai wata farar fuska ce, ba baki, ido rami biyu, tana rataye saman tukunya, ita ke jawo masa kasuwa. Kafin ka ce kwabo, masu cin taliya sun watse. Baba bai tambayi kowa komai ba, ya yanke hukunci: ranar Juma'a Baffa ya zo da abin a ƙone shi a tsakar gida, in ya ƙi kada ya sake taka ƙofar gidanmu.

Ni aka aika da saƙon, don kowa ya san ni da shiga sharo ba shanu. Gaskiya ko ba a aike ni ba sai na je. Kwana uku ina so in ga dodon nan da idona.

Na tarar da bencuna ba kowa sai ƙudaje. Da na ɗaga kai na ga farar fuskar, na yi a'uziyya a ɓoye. Baffa ya lura, ya yi dariya, ya sauko da ita ya ɗora mini a hannu. Ko nauyin ludayi ba ta kai ba. Na juya bayanta, sai ga tsohuwar jarida an liƙa, da rubutun da ban iya karantawa ba.

"Baffa, wanga abu mi na?"

"Takarda ta, ɗiyata. Takarda da gam. Dodon da yayyahi ka iya kashewa."

Na manta da saƙo, na ja benci na zauna. Ya fito da wasu katunan hoto daga gwangwani. Ga garin Baturen nan, sunansa Benis, gidaje tsaye cikin ruwa, kwalekwale ne motar haya. Ni da ban san ruwan da ya wuce gulbin Bungudu ba, sai da na tambaye shi sau biyu ina suke ɗaure awaki. Ya ce tun kaka da kakanni, in azumin Kirista na kwana arba'in ya gabato, mutanen garin sukan yi kwanaki suna biki da fuska a rufe. A ci, a sha, a soya wani abu kamar fanke. Attajiri ya sa fuska, mai dako ya sa, su haɗu a kwararo ba wanda zai durƙusa wa wani. Gaisuwar ma ɗaya ce, ko namiji ko mace: "Barka, uwargida Fuska." Wani mai yaƙi da ya ci garin ya hana bikin, aka yi kusan shekara ɗari biyu ba a yi, sai a zamanin Baturen nan aka farfaɗo da shi.

Tambaya kuwa na yi ta har Baffa ya ce bakina bai da linzami. Ga fuskoki iri-iri a katunan. Mai dogon baki kamar na shamuwa fa? Ya ce ta masu magani ce a zamanin annoba, suna cusa ganyaye masu ƙamshi a ciki don kada su shaƙi cuta. Baƙar nan 'yar kewayayya? Ta mata ce, ba ta da igiya, da haƙori ake riƙe wani maɓalli a ciki, saboda haka mai ita ba ta magana.

"Ita ad daidai da ke," in ji shi.

Na ce ko da kuɗi aka haɗa ni da ita ba na so. Tasa kuwa haɓarta ce ta turo gaba kamar rumfa, don mutum ya ci abinci bai cire ba. Ya ɗaura ta, ya naɗo taliya ya zura ta ƙarƙashi. Da ya yi magana sai muryar ta fito kamar daga cikin tulu. Na yi dariya har da hawaye.

Sai da dariya ta lafa na faɗa masa saƙon Baba. Ya daɗe yana shafa haɓar takardar da yatsa.

Ya ce kowace shekara, in lokacin bikin garinsu ya yi, Baturen yakan ɗaura wannan fuska ya shiga kicin da kansa. Ya zaunar da Baffa a kan kujerarsa, ya zuba masa ruwa a hannu, ya kawo masa abinci. Kowa a sansanin ya san ko wane ne, amma doka ce kada a nuna an gane. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baffa ita.

"Tun da uwarmu tar rasu, ba wanda yaz zuba min ruwa ga hannu sai wagga huska," in ji Baffa. "Amma Yaya ya hi takarda. Ina tahowa."

Na koma Gusau da fushi fal cikina. Ban san wa zan fara yi wa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo da ita a cikin jakar leda. Inna, mahaifiyata, ta riga ta hura gawayi a tsakar gida. Baba yana zaune kan darduma, fuska a murtuke. Ni ba a kira ni ba, amma na tsaya, kuma kafin kowa ya buɗe baki na zazzage duk abin da na ji: garin ruwa, azumi, attajiri da mai dako, har da ruwan hannu. Inna tana harara ta, na yi kamar ban gani ba.

Baba ya karɓi fuskar da yatsa biyu, ya juya, ya ƙura wa jaridar ido.

"Wasan yara na ashe," ya ce.

"Kamar tashe, Yaya. Ka manta gemun audugar da kal liƙa min da azumi, muka kewaye unguwa?"

Na saki baki. Baba da tashe! Ban taɓa kawo wa raina ya yi ƙuruciya ba. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Kac ce wanda yas sa ta ba a tambayar ko wane na?"

"Haka na."

"Ko an gane shi?"

"Ko an gane shi. Sai a yi kamar ba a gane ba."

Gawayi ya fara toka. Sannan Baba ya ce in rufe ƙofar zaure, in kawo buta da tasa da kwanon tuwo guda ɗaya. Ya cire hularsa ya ajiye a kan darduma, ya ɗaura farar fuskar, igiyar ta karkace bisa furfura. Ya ɗauki buta, ya sunkuya gaban ƙanensa.

Baffa ya miƙa hannu biyu. Ruwa na zuba, ya wanke su a cikin tasar kamar bai gane mai zubawa ba. Inna ta shige ɗaki da mayafi a ido.

Suka ci daga kwano ɗaya, Baba yana zura loma ta ƙarƙashin haɓar takarda, miya tana ɗiga. Da suka gama ya kwance ta, ya mayar da hula, ya gyara mata zama, ya ce kada a sake rataye abin nan a shago, a bar shi nan gidan zai san yadda zai yi da shi. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Amma daga ranar ba a sake kai wa Baffa tuwo zaure ba.

Mun ɗauka ya ƙone ta. Sai bayan rasuwarsa, muna kwashe kayan akwatinsa ni da Baffa, muka same ta ƙarƙashin rigunan Sallah, naɗe cikin farin ƙyalle, da tabon miyar kuka a haɓarta.