Babban Karen Badariya

Lokacin Birnin Kebbi na ƙarƙashin Sakkwato, ɗana na fari na aikin gwamnati, ni ko ina zaune gidansa a Badariya. Wata rana ya sauko daga mota da kare, irin wanda 'yan sanda ke ja. Karen ya kai ɗan maraƙi girma, kunnuwa a tsaye, baya baƙi, gashi kamar bargo. Ɗana ya ce a ƙasar Turawa irinsa ke kiwon tumaki. Na ce mu nan Fulani ba su gaza ba.

Tun ranar ban yarda da karen ba. Karnukanmu, in ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse, sun gudu. Wanga sai ya tsaya yana kallonka, ko haushi babu. Ya san kowa na gidan, ya san baƙo. In jikokina sunka watsu a tsakar gida sai ya kewaye su, ya tara su gindin dogonyaro kamar awaki. Na ɗage butata ta alwala, na ware masa kwano, na hana shi ƙofar ɗakina. Kullum a taje masa gashi, a cire masa kaska, a jiƙa masa buhu ya kwanta saboda zafi. Ni da na haifi mai gidan ban ga wannan gata ba.

Da anka cire albasa, ƙanena ya aiko mana buhuna daga Argungu. Matar ɗana na jego, sai tukunya ta dawo hannuna, har da abin da za a zuba wa kare: ƙanzon shinkafa, sauran miya, kan kifi. Ba a jima ba ya daina tashi. Dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kamar zoɓo.

Ni maƙwabcinmu na zarga da ba shi guba, don karen ya taɓa yi masa kora a bakin zaure. Na sa masa ido. Ashe ni ma an sa mini. Ɗana ya daina cin abin da na dafa, kullum wai ya ci a ofis. Gaisuwar safe ta koma daga nesa. Ran nan na tare shi.

"Kai, zo nan. Mi kake zato?"

"Inna, ban ce komai ba."

"Shirun ne maganar. In kashe shi zan yi, da taɓarya zan yi, da rana, kana kallo."

Ya ɗauko likitan dabbobi. Likita ya tambayi abin da karen ke ci, na dire masa tukunya gabansa. Ya juya miyar da ludayi, ya ce albasa ce, wai tana cinye jinin kare, ɗanya ko dafaffa. Na ce karnukan Argungu cikin gonar albasa suke kwana. Ya ce kwana suke yi, ba ci ba. Ban gamsu ba, don wanda ke sayar da allura ba ya rasa sunan ciwo. Amma da anka koma ba shi nama da shinkafa ba miya, kare ya miƙe.

Wata rana da la'asar ɗana ya zo ya durƙusa ƙofar ɗakina, ya ce yunwa yake ji. Na zuba masa tuwon shinkafa, na zauna ina kallon hannunsa. Ya cinye tas, har ya nemi ƙari. Sai dai ya ɗan jinkirta kafin lomar farko, kuma na gani.