Zogalena a Wayar Jikata

Da aka rushe unguwarmu ta Karantina, a nan ƙasar Larabawa, ɗana ya ɗauko ni zuwa unguwar Safa, gidan sama, inda ba ƙasar da mutum zai dasa ko albasa. A gidan akwai jikata, 'yar jami'a, tana koya wa wasu matan Koriya Turanci ta waya bayan la'asar. Lokacin karatun nan an kafa min doka: ba magana, ba rediyo, in tari ya taso in tafi kicin.

Ran nan ina zaune ina jin su ta bayan ƙofa, kalma ɗaya suke ta juyawa. Ɗaya daga cikin matan ta faɗa a karkace, yarinyar ta yi 'yar dariya, ta sake faɗa mata a hankali, ta kuma sakewa. Ban san tana da haƙuri haka ba. Ni in na yi mata Hausa, da Larabci take amsa min, shi ma guntu: halas, yalla. Kuma Hausar tana jin ta sarai.

Da ta fito shan ruwa na ce, "Ke, wace kalma ce kuka hana ta sakat tun ɗazu?"

Ta ce min, da Larabci, ana faɗarta ne ga abin da ya gama girma, ya cika, ba sauran jira. Ta juyo wayar in ga hoton da ta yi musu misali da shi. Zogalena ne. Ni na dasa shi a ƙofar gidanmu na Karantina, da ruwan wankin shinkafa na raine shi. Shekarar da ya wuce katanga motocin rusau suka zo.

Da Larabcin dai ta ce, "Kaka, ya burge su. Me kuke ce masa a wajenku?"

Wajenku, in ji ta.

Na ce, "Tambaye ni da Hausa in gaya miki. Har yadda ake kwaɗonsa zan koya miki."

Ta tsaya. Na ga leɓenta ya motsa, na gyara zama. Sai matar ta kira ta daga cikin wayar. Ta sunkuya ta latsa ta tambayi wayar, wayar ta ba ta sunan da Hausa, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Ina jin ta tana koya wa baƙuwa "zogale", gaɓa-gaɓa, da wani lafazi da ba a gidanmu ta ji shi ba. Matar ta maimaita, jikata ta yaba mata.

Tari ya taso min. Na tashi na tafi kicin.