Kwat Ɗaya, Mutum Biyu

A tashar 'yan kwana-kwana ba mai kiransa da sunansa na yanka. Tiyo kowa ke cewa, don tun da ya kama aiki shi ke riƙe kan tiyon ruwa a gaba, inda wuta ta fi zafi. Sama da shekara ashirin ke nan. Yaran da suka zo suka tarar da shi sun wuce, wasu har da anini a kafaɗa, shi kuwa yana nan da igiyarsa uku, da gwiwa mai ciwo, da tarin da hayaƙi ya bar masa a ƙirji. Ya sha zuwa intabiyun ƙarin girma yana dawowa hannu rabbana. Da aka sake kiransa bana, ko murmushi bai yi ba.

Sharaɗin shi ne kowa ya zo cikin kakin fareti: farar riga, laktaye, kwat mai maɓallan ƙarfe, takalmi yana sheƙi. Ana jibi tafiya matarsa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Kwat ɗin ya fito da warin ajiya, asu ya yi masa huji a bayan kafaɗa. Ya zura hannu ya gwada, gaban ya ƙi haɗuwa.

"Baban yara, ja cikinka mana," in ji ta.

"Tun ɗazu na ja. Numfashin da ya rage na rayuwa ne."

Ya kai wa tela. Tela ya ɗaga kwat ɗin sama, ya leƙo shi ta cikin hujin, ya ce, "Malam, wannan ya riga ka yin ritaya."

Kawu ne ya kawo mafita. Shi ne direban motar kashe gobara, tare suka tsufa a aikin, kuma shi ma an kira shi rana ɗaya da Tiyo. "Ina abin damuwa? Nawa lafiya lau yake. In na shiga na fito sai in tuɓe maka." Kawu gajere ne mai faɗi, Tiyo kuwa dogo, amma babu wanda ya ɗauko wannan maganar.

Ranar, matarsa ta goge farar rigar har tana iya tsayawa da kanta. Ita ta ɗaura masa laktaye, don yatsunsa biyu sun sandare tun wata ƙuna da ya yi a gobarar wani sito. Ta ja da baya ta dube shi. "Allah ya sa a dace," ta ce. Ya amsa da amin ɗin da ba ta da ƙarfi.

A hedikwata aka jera su kan benci a wani dogon baranda. Fanka ba ta juyawa. Samari sai ƙamshin turare suke, kowa na bitar abin da ya haddace. Tiyo ya zauna da riga babu kwat, yana murza gwiwa, har rana ta karkata. Aka kira Kawu. Ya daɗe a ciki, ya fito sharkaf da gumi, bai ko rufe ƙofa ba aka kira Tiyo. Babu lokacin zuwa bayi. A bayan wani kabad suka yi musanya, samari na ƙunshe dariya.

Kwat ɗin da ɗumi, ga danshi a hammata. Ƙirji ya zauna daidai, amma hannuwan sun tsaya can sama da wuyan hannunsa. Ya shiga, ya ƙame, ya sara.

Manya uku ne a bayan tebur. Shugabar, wata mace mai furfura da gilashi, ta ƙura wa ƙirjinsa ido.

"Mai wannan sunan ai yanzu ya fita."

Sai a lokacin ya tuna sunan Kawu na manne a aljihun. Ya so ya ƙirƙiro wani abu, amma gajiya ta hana shi.

"Ranki ya daɗe, kwat ɗinsa ne. Nawa asu ya cinye."

Na hannun dama ya kawar da kai yana dariya. Na hagu ya ɗaure fuska ya ce a wajen shiga dai ba shi da maki ko ɗaya. Aka yi masa tambayoyi. Na aiki ya amsa gwargwado. Na sababbin dokoki ya san wasu, wasu ya ce bai sani ba. Da ya fito ya tuɓe kwat ya miƙa wa mai shi, suka nufi tashar mota.

Bayan 'yan watanni sakamako ya fito. Tiyo ya samu anini ɗaya, ana saura shekara guda ya ajiye aiki. Kawu bai samu ba.

"Kwat ɗina ya ci, ni na faɗi," in ji Kawu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Tiyo ya dafa kafaɗarsa kawai.

Sabon muƙamin ya zo da tebur da tarho a ɗakin karɓar kira. Yanzu shi ke jin ihun mutane a waya, ya tambayi kwatance, ya danna ƙararrawa. Ranar farko da ya danna ta, sai ga shi tsaye har ya kai bakin ƙofa. Yara suka wuce shi da gudu suna ɗaura hular kwano, Kawu ya tada mota, jiniya ta yi nisa. Ya koma kujera a hankali, ya zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ya jira wayar ta sake ƙara.