"Da sauƙi" ta raba Baba Sale da tallafinsa

"Yaya ƙafar?" in ji ma'aikaciyar ofishin tallafi da Turanci, ni kuma ina fassarawa.

Baba Sale, maƙwabcina a unguwar Longsight, nan ƙasar Turawa, ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, Alhamdulillah."

Mutumin da sai da na riƙe shi ya iya sauka daga bus! Tun da stroke, ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya taɓa shi ya bar aikin gadi, ranar kuma assessment, wato gwajin lafiya, ake yi masa, a ga ko za a ci gaba da ba shi tallafi.

Na ce, "Baba, ku gaya mata gaskiya, ko bene ba kwa iya hawa."

Ya ce, "Haba Nura, in zauna gaban sa'ar 'yar cikina ina lissafa ciwo? Wani ko tashi ba ya iyawa."

Ƙarshe dai aka ce zai iya aiki. An zaftare tallafin, magani ma yanzu saya yake yi.

Jiya na leƙa shi, na tarar yana raba ƙwayar maganin biyu don ya kai shi ƙarshen wata. Na ce yaya jiki? Ya ce da sauƙi.

Wallahi na gaji. A gida ɓoye ciwo mutunci ne, a nan kuwa shi ke hana ka magani. Masu dattawa a ƙasar nan, ya kuke shawo kansu?